Kada Kabiru ya warke a shafin ƙarshe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar lekol ce, wato makarantar boko ta Faransanci, a Garwa da ke arewacin Kamaru, ina koyar da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare. Na fara rubuta littafin labari na yara da Hausa a kan wani yaro mai suna Kabiru, ɗan shekara 11, mai i'ina. 'Yan ajinsu suna tsokanarsa, sai ya samu aboki ta waya, wani yaro Tijjani da ke Njamena, suna hira ta WhatsApp. Na shirya cewa a ƙarshe i'inar za ta sake shi ranar da ya yi ƙarfin hali ya tashi ya yi jawabi a taron makaranta. An ce mini kana aiki da yara masu matsalar magana. Me ke kawo i'ina, yaya zan rubuta ta a takarda, kuma ƙarshen nan ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya sa wa aikin albarka, ya ba ki ikon kai shi ƙarshe. Zan fara da tambayarki ta uku, domin ita ta fi tsaya mini a rai. Ƙarshen bai yi ba, ki yi haƙuri da na faɗa miki ba kwana-kwana.

Ni kaina mai i'ina ne tun ina ɗan shekara huɗu. Yau ga furfura a gemuna, amma ko a makon jiya da na je sayen katin waya sai da kalmar "dubu" ta riƙe ni a gaban mai shago, mutum uku na jira a bayana. Na sha yin jawabi a gaban jama'a, na koyar, na ɗaura wa ƙannena aure a matsayin waliyyi, kuma ba a taɓa yin ranar da i'ina ta tattara kayanta ta tafi don na nuna jarumta ba. Ki duba abin da zai faru idan yaro mai i'ina ya karanta littafinki. Zai ga Kabiru ya yi ƙarfin hali, harshensa ya saki. Sai ya rufe littafin ya ce a ransa: ashe tawa ba ta tafi ba ne don ni matsoraci ne. Wannan kuwa ita ce maganar da ya riga ya ƙoshi da ji a gida da waje. 'Yan ajinsa su ma za su fita da darasin cewa in ya ga dama zai daina.

Bari in ba ki abin da aka tabbatar game da ita, sai ki ga dalilina. I'ina, ko in'ina kamar yadda wasu ke faɗa, takan fara ne tsakanin shekara 2 zuwa 5, daidai lokacin da yaro ya fara haɗa kalmomi suna zama jimla. Kusan yara 5 cikin 100 sukan yi ta na wani lokaci. Mafi yawansu, kamar uku cikin huɗu ko ma fiye, takan bar su da kanta kafin su girma, shi ya sa tsofaffi ke cewa a ƙyale shi zai daina, kuma sau da yawa maganarsu ta fito. Sauran kuwa tana bin su har tsufa, su ne kusan mutum 1 cikin 100 na manya a ko'ina a duniya, kuma a cikinsu ana samun kamar maza huɗu kafin a samu mace ɗaya. To Kabirunki shekararsa 11. In tun yana ɗan huɗu ya fara, ya yi shekara bakwai da ita ke nan. Damar da take da ita ta tafiya da kanta ta ragu ƙwarai, balle a ce ta tafi a yini ɗaya. Ki kuma lura da lissafin nan ta wata fuskar: a ajin da ke da yara 80 ko 100 irin namu na arewa, ba abin mamaki ba ne a samu Kabiru na gaske yana zaune a kan benci.

Asalinta a ƙwaƙwalwa yake, a yadda sassan da ke shirya magana suke aika wa harshe da leɓɓa da maƙogwaro umarni a kan lokaci. Yaron ya san sarai abin da yake son faɗa, kalmar na nan a kansa, fitarta ce ke cijewa. Kuma tana bin jini. A shekarar 2010 wasu masu bincike a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dennis Drayna, suka gano canje-canje a wasu ƙwayoyin gado a cikin dangogin Pakistan masu yawan i'ina. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne, bayan haka sun yi aiki da wani babban dangi a nan Kamaru, inda masu i'ina suka yi yawa a zuri'a ɗaya, har a 2015 suka fitar da sakamako a kan wata ƙwayar gado da suke kira AP4E1. Wato ƙasarmu tana da hannu a abin da duniya ta sani yau game da i'ina. Don haka in kin ba Kabiru wani kawu ko kaka mai i'ina, kin yi daidai da gaskiya, kin kuma samu mutum mai amfani a labarin.

Tsoro ba ya haifar da ita, amma yana ƙara mata nauyi. Firgita yaro, ko yi masa cakulkuli yana jariri, ko kwaikwayon mai i'ina, ko jin harsuna uku a gida, babu ɗaya da ke sa ta. Aljanu ma an ɗora musu laifin da ba nasu ba. Na ga yaran da aka kai wa wanzami ya cire musu beli, ko ya yanke zaren da ke ƙarƙashin harshe, aka zubar da jini a banza, i'ina na nan inda take, sai ƙarin tsoron buɗe baki da aka saya wa yaron. Idan za ki sa irin wannan a littafin, kada ki mai da iyayen mugaye. Ƙauna ce ta kai su, abin da suka gada ke nan.

Yanzu ga yadda take fita, don marubuta da yawa fuska ɗaya kawai suka sani. Akwai maimaitawa, yaro ya ce "ba-ba-ba-barkono". Akwai jan sauti, ya ce "sssssukari". Sai ta uku, wadda ta fi ciwo kuma ba a cika rubuta ta ba: cijewa. Baki a buɗe ko leɓɓa a haɗe, iska ta tsaya, babu sautin da ke fita, daƙiƙa uku, biyar, goma. A nan ne za ki ga yaro yana ƙifta ido, ko buga ƙafa a ƙasa, ko dukan cinyarsa, ko karkatar da kai. Waɗannan duk dabaru ne da ya taɓa gwadawa suka fitar da shi sau ɗaya, sai suka zame masa jiki.

Amma wannan duk abin da ido ke gani ne. Wani masani Ba'amurke, Joseph Sheehan, wanda shi ma mai i'ina ne, ya kwatanta ta a 1970 da dutsen ƙanƙara da ke yawo a teku, ɗan kansa a waje, gangar jikinsa a ƙarƙashin ruwa. Mu ba mu san dutsen ƙanƙara ba, amma ke 'yar Garwa ce, kin san dorina a Binuwai. Daga kan gada kunnuwa da idanu kawai kike hange, sauran dabbar tana ƙasa. Littafinki a kan abin da ke ƙasan ruwa ya kamata ya zauna.

Ga kaɗan daga cikinsa. Mai i'ina yakan hango kalmar da za ta riƙe shi tun tana nesa, kamar yadda mai babur ke hango rami, sai ya kauce. Yaran Garwa kuwa suna da hanyar kaucewa da yaron da ke da harshe ɗaya ba shi da ita. In "ruwa" ta ƙi fita, sai ya ce "ndiyam" da Fulatanci, ko ya jefa ta Faransanci, kowa ya ɗauka gayu ne. Na yi aiki da wani yaro da uwarsa ta kawo mini ƙararsa cewa ba ya jin aike. A ce ya sayo barkono, sai ya dawo da tattasai. A ce ya sayo sabulu, sai ya dawo ya ce shago a rufe yake. An sha dukansa a kan haka. Da muka zauna mu biyu, ya ce mini in ya isa gaban mai shago ya ji "b" ɗin ba za ta fita ba, sai ya nemi abin da bakinsa zai iya faɗa, ya gwammace dukan gida da dariyar layi. Irin wannan ki sa a littafinki, ya fi shafi goma na "ka-ka-ka" aiki.

Abin da ba shi da madadi shi ne sunansa. Ba za ka iya sauya sunanka da wata kalma ba, shi ya sa tambayar "yaya sunanka" ta fi kowace tambaya tayar wa mai i'ina hankali. Mutane kuma sai su yi dariya su ce, au, ka manta sunanka ne? Haka kiran suna da safe a aji, inda dole amsa ɗaya ce, "présent", kuma kana jin layi na matsowa kusa da kai. Haka karatu bi da bi: yayin da sauran yara ke sauraro, shi yana ƙirga benci yana ƙirga sakin layi don ya gano wanda zai faɗo kansa, ya duba ko akwai kalmar da za ta kayar da shi. Kafin a zo kansa bai ji komai daga darasin ba. Da yawa sukan ce "ban sani ba" alhali sun sani, sai a rubuta su cikin daƙiƙai.

Akwai kuma wani abu da ke jawo wa yaran nan baƙin jini a wurin manya. I'ina ba ta zama iri ɗaya kullum. Yau da sauƙi, gobe ta tsananta, ba tare da wani dalili da za ka nuna ba. Kuma takan ɓace kusan gaba ɗaya idan mutum yana waƙa, ko yana karatu tare da jama'a murya ɗaya, ko yana magana shi kaɗai, ko da akuyarsa. Ki kai Kabiru makarantar allo da yamma. Yana cikin yara suna rera karatu, ko gargada babu. Malam ya kira shi shi kaɗai ya biya, sai ya cije. Me malam zai ce? Iskanci ne, ɗazu ai na ji ka ras. Wannan fage ɗaya ya isa ya koya wa iyaye da malamai abin da lacca ba za ta koya musu ba.

Maganar rubuta ta a takarda. Hausa tana da nata maimaici: bubbuga, kakkama, sassafe, baba, kaka. In kika rubuta i'ina ba tare da karan ɗori ba, mai karatu zai ɗauka wata kalma ce. Ki sa karan, kuma ki yi tsimi da shi. Sau ɗaya ko biyu a fage ya wadatar. In kowace jimlar Kabiru ta zama "na-na-na je ka-ka-kasuwa", yara za su mai da littafin abin wasa, su riƙa karanta shi da ƙarfi suna kallon wancan na kan benci. Mun riga mun saba ganin mai i'ina a wasannin barkwanci a matsayin wawa ko mai saurin fushi, kada ki ƙara wa wannan wuta itace. Shawarata ita ce Kabiru ya ba da labarin da bakinsa. Muryar da ke cikin kansa ba ta i'ina. Ki sa ta zama mai kaifi, mai ban dariya, mai lura da abin da sauran ba su lura da shi ba, yadda mai karatu zai san irin amsar da ke bakinsa a lokacin da ta ƙi fita. Misali, maimakon jera haruffa, ya ce: "Na san amsar tun kafin ya gama tambaya. Leɓɓana suka haɗu, suka ƙi rabuwa, kamar ƙofar da damina ta kumbura. Ina jin ƙarar alli a ajin da ke kusa da namu." Ki rubuta naki da ya fi wannan, amma kin ga inda na dosa.

Sai tsokana. Wadda kowa ya sani ita ce kwaikwayo da laƙabi, kuma lallai ki sa su. Sai dai ki tuna mai tsokana ba ya aiki shi kaɗai, dariyar 'yan kallo ce abincinsa. Yawancin yaran da za su karanta littafinki ba Kabiru ba ne, ba kuma shugaban masu tsokana ba, su ne waɗanda ke dariya daga baya don kada a juyo kansu. Ki ba su mutum ɗaya a labarin da za su ga kansu a jikinsa, wanda ya yi dariya, abin ya dame shi da dare, wata rana kuma ya ƙi yi.

Kada kuma ki bar manya su fita da farin kaya. Ciwon da ya fi daɗewa a raina daga masu ƙaunata ya zo. "Nutsu mana." "Ja numfashi." "Yi a hankali, wa ke korarka?" Ko a ƙarasa maka jimla, sau da yawa ma da abin da ba shi kake nufi ba. Ko a kau da ido kamar an ga tsiraici. Ina da wani malami a firamare, mutumin kirki, wanda don tausayi yakan tsallake ni in ana karatu. Shekara guda cur ba a ji muryata a ajin nan ba, kuma kowane yaro ya gane dalili. Bai taɓa tambayata ko ina so in karanta ba. Wani kuma bulala yake sa wa, wai za ta saki harshe, duk da dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibai a makarantun ƙasar nan. Sannan ga maganar da ake yi cewa mai i'ina akwai zuciya. To wa za a katse wa magana sau ashirin a yini bai yi zuciya ba? In Kabiru ya kai wa wani naushi a babi na biyar, ni ba zan yi mamaki ba, amma mai karatu ya riga ya ga sau nawa ya haɗiye kafin nan.

Yanzu mu zo kan waya, inda nake ganin littafinki zai iya fin irinsa da ake rubutawa a wasu ƙasashe. A can, labarin yakan tafi a kan cewa a intanet rubutu ake yi, don haka mai i'ina ya samu mafaka. Gaskiya ne yatsa ba ya i'ina. Amma ke kin san yadda muke amfani da WhatsApp a nan. Mu mutanen saƙon murya ne, abin da yara ke kira vokal. Uwa, kaka, ɗan kasuwa, kowa danna makirfo yake ya yi magana. Don haka mafakar Kabiru tana da ƙofa a buɗe tun ranar farko. Tijjani zai turo murya, Kabiru ya amsa da rubutu. Sau ɗaya, sau biyar, sai Tijjani ya ce, kai wai ba ka da baki ne? Daga nan ƙarya za ta fara: makirfon wayar ya lalace, ana barci a ɗakin, mega ya kusa ƙarewa. Ga zaren labarinki nan, tun daga babi na uku har ƙarshe. Kuma na san yaran da kan ɗauki saƙo ɗaya sau goma sha biyar suna gogewa, har sai sun samu wanda ya fita sumul. Ki nuna wannan, da zufar da ke cikinsa.

Ki kula da yadda za su rubuta wa juna. Yaron da ya yi lekol a Garwa ko Njamena ba a koya masa rubutun Hausar boko ba, da ƙa'idar Faransanci yake rubuta ta: "sannou", "ina kouana". Zai cakuɗa da Faransanci, Kabiru ya jefa Fulatanci, Tijjani ya jefa Larabcin Chadi, su yi ta yi wa juna dariyar kalmomi. In kika rubuta saƙonninsu da tsabtatacciyar Hausar Kano, ɗalibanki za su gane ba yaran unguwarsu ba ne. Ki ba su kuma abin da ya haɗa su wanda ba i'ina ba. Ƙwallo ta isa. Kabiru yana iya yin alfahari da Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, da kuma cewa a filin Rumde Aja na garinsu aka buga wasu wasannin cin kofin Afirka a farkon 2022. Abota ba ta tsayawa a kan tausayi.

Wayar kuma ba tasa ba ce. WhatsApp da Facebook duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun mai amfani da su, Kabiru kuwa 11 gare shi. Ko ba don haka ba, yaro nawa ne a unguwar Yelwa ke da wayar kansa a wannan shekarun? Ta innarsa ce ko ta yayansa, yana samunta bayan isha'i in akwai caji, in ba a ɗauke wuta ba. Wannan taimako ne gare ki, domin yana kawo jira, yana kawo saɓani, yana kuma sa babba ya san abin da ake ciki. A nan zan ja kunnenki. Littafin yara ne, kuma yaron da aka ware a makaranta shi ne ya fi saurin sakin jiki da duk wanda ya nuna masa kulawa a waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai manyan da ke shiga rigar yara don su yaudare su, har ta kai Kamaru ta yi doka ta musamman a 2023 kan kare yara a intanet. Don haka kada Tijjani ya faɗo daga sama. Ki sa ya zama wanda za a iya bin sawunsa: ɗan aminiyar innarsa, ko ɗan abokin cinikin yayansa da ke kai kaya ta Marwa da Kusuri ya haye gadar Ngeli zuwa Njamena. In ya so ki sa wata baƙuwar lamba ta taɓa shigowa da daɗin baki tana neman hoto, Kabiru ya nuna wa yayansa. Shafi biyu sun isa, ba sai kin yi wa'azi ba.

Kada kuma ki manta wayar da ta ba shi aboki ita ce za ta iya tozarta shi fiye da filin makaranta. Tsokanar aji tana ƙarewa in an tashi. Amma a ce wani ya ɗauki muryarsa yana cijewa, ya tura wa rukunin unguwa, ko ya ɗora a status, to wannan tana kwana tana tashi, ana sake kunna ta. In kina neman masifar tsakiyar littafi, ga ta nan. Kuma tana iya isa kunnen Tijjani kafin Kabiru ya faɗa masa da kansa.

To me zai maye gurbin warkewa? Ki koma ga ƙissar da kowane yaro a ajinki ya sani. Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah a Suratu Ɗaha ya kwance masa ƙulli daga harshensa domin su fahimci maganarsa. Ibn Kasir ya kawo a tafsirinsa cewa bai roƙi a cire abin gaba ɗaya ba, gwargwadon yadda za a gane shi ya nema. A Suratul Ƙasas ya ce ɗan'uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe. A Suratuz Zukhruf kuma Fir'auna ya yi masa gori a gaban jama'arsa cewa da ƙyar yake bayyana magana. Wato gorin harshe tsohon abu ne, kuma kin ga bakin wanda ya fito. Duk da haka shi aka aika, shi ne kuma wanda Allah ya yi magana da shi. Na ga yadda fuskar yara ke sauyawa in na karanta musu waɗannan ayoyi. Ki sa su a bakin kawun nan mai i'ina, ko a bakin malamin allo bayan ya gane kuskurensa.

Aikin da muke yi da yara masu shekarun Kabiru ma a kan wannan hanya yake. Ƙanana 'yan ƙasa da shekara shida akwai tsare-tsaren da iyaye ke bi a gida, irin na Lidcombe da aka fito da shi a Ostareliya, kuma suna taimakawa sosai in an fara da wuri. Waɗanda suka fi haka girma kuwa muna koya musu abin da Charles Van Riper, wani mai i'inar shi ma, ya gina aikinsa a kai: ka daina kokawa da ita, ka shiga kalmar a sassauce, in ka cije kada ka ja da baya, ka kalli mutum a ido, ka faɗi kalmar da ka yi niyya ba 'yar'uwarta ba. Magana takan yi sauƙi ƙwarai da haka, amma a hankali, cikin watanni da shekaru. Masu wannan sana'a kuwa, waɗanda ake kira orthophoniste, yawancinsu suna Yawunde da Duwala, don haka in kika sa Kabiru yana zuwa wurin ƙwararre duk mako a bayan gidansu, kin rubuta tatsuniya. Abin da yake da shi shi ne kawu, da malama ɗaya da ta tambaye shi yadda yake so a yi da shi a aji, da aboki.

Jawabin taron makaranta kina iya barinsa in kina so, amma ya yi i'ina a cikinsa. Ya cije a kan sunansa, wasu su yi dariya, ya tsaya har kalmar ta fito, ya kai ƙarshen abin da ya zo faɗa. Ni dai da ni ne ke rubutawa, da ba zan kai shi gaban taro ba. Da zan bar shi a tsakar gida da dare, wayar innarsa a hannu, caji saura kaɗan. Ya danna makirfo, ya yi wa Tijjani magana, ya cije sau uku, yatsarsa ta je kan gogewa, ya tura. Sai jira. Amsar Tijjani kuwa kada ta zama "Allah sarki" ko "ai ba komai". Ya amsa maganar da aka yi masa. In Kabiru cewa ya yi golan ƙungiyarsu ya fi na su Tijjani, to Tijjani ya turo murya yana cewa ƙarya kake, ga dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: abin da muka fi nema a wurin mutane shi ne su ji abin da muka ce, su yi mana gardama a kansa in ta kama.

In kin gama rubutun farko, ki ba mutum biyu ko uku masu i'ina su karanta, babba da yaro, ki ce su nuna miki inda kika yi ƙarya. Ki turo mini ni ma in kin yarda. Ranar 22 ga Oktoba ce ranar wayar da kai kan i'ina ta duniya, ana yin ta tun 1998, ta dace da fitar da littafin in ya kammala a kan lokaci. Kafin kuma ki karanta wa 'yan CM2 ko babi ɗaya, in akwai mai i'ina a cikinsu, ki kira shi gefe inda ba kowa, ki gaya masa abin da labarin ya ƙunsa, ki tambaye shi ko ya yarda a karanta yana zaune. Ki ba shi lokaci ya amsa da bakinsa, kada ki ƙarasa masa. In ya ce a'a, ki fara gwada littafin a wani ajin.